Gonar da Kamfas Ya Auna da Ƙafa

Mijin ƙanwata, wanda kowa ke kira Kamfas saboda wani ɗan kamfas na tagulla, mai allurar nuna arewa, da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, ya yi shekara talatin da uku a ofishin awon filaye, kuma tun ranar da ya ajiye aiki bai bar wani mai numfashi ya manta da haka ba. Ni kuwa, da na shugabanci makaranta shekara ashirin da takwas, aka kuma ɗora mini nauyin magatakardan ƙungiyarmu, na ga ya zama wajibi in rubuta abin da ya auku a kan maganar gonar nan daki-daki, domin labarin ya shiga bakin jama'a yana ta yin rassa, har na ji wani wanzami yana rantsuwa cewa sai da aka kira motar kashe gobara. Ba a kira ta ba. Abin da aka yi shi zan faɗa.

Mu shida ne a ƙungiyar: ni, da Kamfas, da Ungozoma, da Direba, da Tela, da Mai Magani. Dukanmu mun ajiye aiki, 'ya'ya sun kama gabansu, gari kuma ya soma matse mu kamar takalmin aro. Wata Asabar muna zaune a falona, Kamfas ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya shimfiɗa mana shirinsa: a haɗa hannu a sayi gona guda a bayan gari, a gina gida shida suna kallon juna, da rijiya ɗaya, da ɗakin girki ɗaya, da rumfar hira ɗaya, ta yadda duk wanda ya yi tari a cikinmu ƙofa biyar za su buɗe a tambaye shi lafiya. Shiri ne mai kyau, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba: daga kansa ya fito.

Wadda maganar ta fi shiga jikinta ita ce Ungozoma. Mijinta ya rasu, tana zaune a hawa na uku na wani gidan haya da gwiwoyin da ba sa ga maciji da matakala, ga shi mai gidan ya riga ya sanar da ita cewa ya sayar da ginin, nan da wata biyar za a rushe shi. Mu sauran inda za mu huta muke nema. Ita inda za ta ajiye gadonta take nema.

Na kawo shawara, bisa tsari, cewa duk gonar da muka samu a ɗauko safiyo da kayan aikinsa ya auna mana kafin a sa hannu. Kamfas ya dube ni kamar na ce a kira baƙo ya nuna masa hanyar ɗakinsa.

"Yaya," in ji shi, domin haka yake kirana albarkacin matarsa, ko da yake ya girme ni da wata bakwai, "a gabana ake maganar ɗauko safiyo? Ni da aka gwada takuna a barandar ofis, a gaban shugaba da ma'aikata goma sha ɗaya? Taku ɗari, yadi ɗari, ko faɗin yatsa bai ƙaru ba. Tef ɗin awo yana miƙewa a rana, yana takurewa a sanyi. Ƙafata ba ta san wannan ba."

"Yaushe aka yi gwajin, Injiniya?" in ji Direba, wanda ya yi rayuwarsa a kan dogon zango, kuma bakinsa bai taɓa sanin birki ba.

"Shekara arba'in da ɗaya ke nan."

"Ai motata ma a lokacin tana hawa tudu ba a tura ta."

"Mota ƙarfe ce, tana tsatsa. Ilimi ba ya tsatsa."

Ƙanwata, tana zuba mana shayi, ta ce a hankali, "Ilimin dai. Gwiwa fa?"

Ya yi kamar da bango take. Aka kaɗa ƙuri'a, aka naɗa shi shugaban kwamitin neman fili, kwamitin da ba shi da wani mamba sai shi. Na rubuta cewa magatakarda ya nuna damuwa.

Fitarmu ta farko a tsohuwar bas ɗin Direba muka yi ta. Wani dillali ya ba mu kwatance ta waya, amma Kamfas ya ce kwatancen dillali na masu neman ɓata ne; a faɗa masa shiyya kawai. Ya zauna gaba, ya fito da kamfas ɗinsa, ya ɗora shi daidai a kan lasifikar rediyo. Ni da na koyar da kimiyya kafin in hau kujerar shugabanci, na tunatar da shi cikin ladabi cewa akwai maganaɗisu a cikin lasifika, kuma allura za ta bi shi ne, ba arewa ba.

"Kamfas ɗin nan ya girmi rediyon nan da shekara ashirin, Yaya. Ba zai bi yaro ba."

Muka yi dama, allura ta ce gaba. Muka yi hagu, allura ta ce gaba. Bayan awa biyu Direba ya rage gudu, ya ce, "Injiniya, karo na uku ke nan muna wuce mai facin tayar can. Ya fara ɗaga mana hannu. In muka sake zagayowa zai tambaye mu iyali."

Kamfas ya ce muna tantance yankin ne, kuma duk safiyon kirki sai ya zagaye wuri kafin ya shige shi. Ungozoma ta karɓi wayar, ta kira dillalin, cikin minti ashirin muka isa.

Gonar farko ba ta da aibu ko ɗaya, sai dai mai ita, cikin son taimako, ya zaro tef daga aljihu ya ce ga shi ko za mu so mu auna. Kamfas ya yi wa tef ɗin kallo ɗaya. Ya juya, ya koma mota, ya rufe ƙofa, ya kuma ce ta taga ƙasar wurin ba ta da nagarta, alhali ko sunkuyawa bai yi ba. A gona ta biyu, sati guda bayan haka, ya soma awo ke nan wani rago da aka ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya ya ga bai gamsu da shi ba. Ina mai shaida cewa a wannan rana takun mijin ƙanwata ya kai yadi ɗaya da rabi, kuma da a nan aka yi awon, da ba a kai ga rubuta wannan labari ba. Ya ce ba za mu zauna a inda dabbobi ba su da tarbiyya ba.

Gona ta uku ita ce ta shiga ransa. Tana kusa da hanyar mota, cike take da masara wadda ta fi tsayin mutum, ta yadda daga inda muka tsaya ba a ganin komai sai kore. Mai gonar dattijo ne mai sanyin magana, zai koma wurin 'yarsa da zama shi ya sa zai sayar. Ya nuna mana da hannu cewa akwai dutse a kowace kusurwa, gabas gonar albasa ce ta maƙwabcinsa, kudu garken shanu ne sannan hanya. Da ya ji gida shida muke son ginawa, sai ya shafa haɓa.

"Gida shida? Anya za ta ɗauka? Ni dai a ganina 'yar ƙarama ce."

"Ganinka daban, awo daban," in ji Kamfas. "Ka zauna ka ga aiki."

Muka zauna a inuwar mota. Ya naɗe ƙafar wando, ya tsinci tsakuwa ya cika aljihun dama, ya bayyana mana cewa duk taku goma tsakuwa ɗaya za ta koma aljihun hagu, ya kuma haramta magana, da tari, da rediyo. Sannan ya ɗora diddige a jikin dutsen farko, ya dubi sama kamar mai ban kwana, ya bi gefen masara ya ɓace.

Abin da ya faru a can daga baya muka ji, daga bakin Mai Albasa, wanda yake tsugune a gonarsa ya ga wani dattijo yana tafe kamar mai bin sawun tururuwa yana motsa leɓe.

"Sannu, Baba. An yar da wani abu ne?"

"Arba'in da uku. Ba a yar ba. Arba'in da huɗu."

"Ya gida, ya iyali?"

"Lafiya ƙalau. Arba'in da... arba'in da..."

"Ai na ji kamar ka ce hamsin."

Kamfas ya dawo dutsen farko yana huci, ya mai da tsakuwa aljihun dama, ya sake farawa. A karo na biyu aljihun hagu ya nuna yana da huji. A karo na uku ya tafi da yatsa a kan leɓe don kada a gaishe shi, Mai Albasa kuwa ya ɗauka ciwon haƙori ne, ya bi shi har kusurwa yana kwatanta masa magani. Rana ta yi tsaka kafin ya fito ta ɗaya gefen, da gashin masara a kafaɗa da ganye a hula, ya tsaya a gabanmu, ya bari muka yi shiru, sannan ya ce:

"Tsawo, yadi ɗari da ashirin. Faɗi, yadi tamanin."

Mai gonar ya daɗe yana kallon masararsa. "Ikon Allah," in ji shi. "Shekara talatin ina noma ta ban san ta kai haka ba. Ashe shi ya sa bayana ke ciwo."

Aka yi magana aka daidaita, bisa sharaɗin cewa sai ya girbe masararsa, nan da sati shida, za a sa hannu. Ungozoma ta lissafa da yatsu, ta ga zai rage mata wata uku ba kwana biyu, ta ce in an fara gininta a ranar, za ta iya shiga ko da ba a yi fenti ba. Daga wannan rana aka daina neman wata gona. Dillali ya kira sau biyu yana da wasu wurare, Kamfas ya ce a gaya masa an rufe littafi.

Sati shidan nan a kan takarda muka zauna. Kamfas ya sayo wata farar takarda mai faɗin tabarma, ya mamaye teburin cin abincin gidansa da ita, har ya zama shi da ƙanwata a kan cinya suke cin abinci. Ya zana gida huɗu a jere ta arewa, kowanne yadi talatin: na Ungozoma a farko daga yamma, sai na Tela, sai nawa, sai na Direba. Ta kudu ya zana rumfar hira, da tafkin kifi, da lambun itatuwa, da gidan Mai Magani, da nasa a kusurwa, wanda na lura ya ɗara na kowa da yadi biyar. Da na tambaya, ya ce kaurin fensir ne.

Ba da jimawa ba muka zama maƙwabta na haƙiƙa, wato muka soma faɗa. Tela ya ce ba zai yarda tagarsa ta kalli ɗakin tattabarun da Direba ke shirin kafawa ba. Direba ya ce sai an ƙara masa yadi biyu don bas ɗinsa ta samu wurin juyawa, Mai Magani ya ce yadi biyun daga lambu za a yanka, kuma sai dai a bi ta kansa. Suka yi kwana tara ba sa gaisawa a kan yadi biyu, har sai da na shiga tsakani da roba mai goge fensir. Da aka shirya, Mai Magani ya sayo dashen mangwaro arba'in ya jera a barandarsa, Direba kuma ya sayo 'ya'yan kifi ya zuba a durom biyu a bayan ɗakinsa, yana kiransu 'yan haya.

Ana saura sati guda ƙanwata ta zo gidana ita kaɗai, ta zauna a bakin kujera kamar mai kawo ƙara.

"Yaya, ni ban yi karatun awo ba. Amma shekara arba'in ina jin takun mutumin nan. Da, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo taku tara nake ji. Yanzu sai in ɗora ruwa, in yanka albasa, in wanke wuƙa, bai iso ba."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce famfon ne aka matsar."

Na kira taron gaggawa, na gabatar da maganar da kalmomin da na zaɓa da kyau, ba tare da ambaton majiyata ba. Kamfas ya miƙe, ya zaro kamfas ɗinsa ya ajiye a kan tebur, ya ce in ana shakkar ƙafarsa to ga ajiyar ƙungiya nan, a nemi wani. Tela ya tuna masa cewa kamfas ɗin nasa ne, ba na ƙungiya ba, sai ya mai da shi aljihu. Aka shiga ba shi haƙuri. Ungozoma ce kaɗai ba ta sa baki ba, sai da za a tashi ta ce:

"Ni dai ranar zan zo da maginina, ya kafa mini turakun tushe. Ba don awo ba, Dattijo. Don sauri."

"Ki zo da goma," in ji Kamfas. "Zai ƙaru da ilimi."

Ranar sa hannu muka tafi da dukan iyalanmu da suka samu zuwa. Bas ɗin ta ɗauki mutum goma sha tara, da dashen mangwaro arba'in, da durom biyu na kifi suna fantsama a kowane rami, da takardar Kamfas a naɗe a kan cinyarsa kamar sandar girma. Maginin Ungozoma, wani magidanci mai furfura a gemu wanda ba ya kashe kalma a banza, ya zauna can baya da turaku da igiya da tef. Mutanen wurin kuwa, da suka ji labarin tsofaffin birni shida za su kafa gari, sun riga mu isa: Mai Albasa da matansa da surukinsa, da mai garken shanu, da wasu da suka tsaya da kekunansu a bakin hanya.

Muka sauka. An girbe masara, an kwashe kara. Ga gona nan a fili, ga dutse huɗu, kowanne yana ganin ɗan'uwansa ba tare da ya ɗaga murya ba.

Direba ya dubi gabas, ya dubi kudu, ya cire hula ya sosa kai.

"Injiniya, masara kaɗai aka girbe, ko har da gonar?"

"Ido yana ruɗi," in ji Kamfas. "Fili in ya yi tsirara kullum ƙarami ake ganinsa. Wannan darasin shekarar farko ne. Yaya, kawo takardu."

Na shimfiɗa takardun ciniki a gaban mota, na cire murfin alƙalami. Ungozoma ta dafa hannuna.

"Hedimasta, mai da murfin tukuna. Bari a kafa mini turakuna."

Magini ya duba zanen, ya maƙala bakin tef a dutsen yamma, ya ja yadi talatin, ya buga turke. Gidan Ungozoma ya zauna daram. Ya sake jan talatin, ya buga na Tela, saura taku kaɗan ya taɓa dutsen gabas. Ya dubi zanen, ya dubi Kamfas, Kamfas ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Magini ya tsallake iyaka, ya bi tsakanin kunya a hankali, ya buga turke na uku a tsakiyar albasa.

Mai Albasa ya matso, hannu a baya. "Wa zai zauna a nan?"

Na ce, "Ni ne," domin gaskiya ba ta da madadi.

"To maraba, Baba. Sai dai a taka a hankali, saura sati uku a cire ta."

Gidan Direba ya faɗa bayan albasa, a cikin wani kwari da ake zubar da ruɓaɓɓun ganye. Da aka juya kudu, rumfar hira ta samu rabin gindi a cikin gona, tafkin kifi ya sauka a tsakiyar garke, inda wata saniya ta shinshina turken ta ture shi. Mai Magani ya tsaya rungume da dashen mangwaro guda yana neman lambu da ido. Na Kamfas aka bari a ƙarshe. Magini ya ja tef, ya jira wata motar kaya ta wuce, ya tsaya a kan farin layin tsakiyar kwalta, ya ɗaga turke sama.

"A buga, Baba?"

"Ko ba komai," in ji Direba, "ba za ka sha wahalar samun mota ba."

Kamfas ya juya kan mai gonar. "An matsar da duwatsun nan."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya kama hannunsa ya kai shi ga dutsen gabas, wanda saiwar wata tsohuwar bishiya ta naɗe shi ta ko'ina kamar uwa da ɗa. "In ka iya motsa shi," in ji shi, "ka ɗauki gonar kyauta."

"To tef ɗin ne. Na faɗa tun farko, rana tana miƙar da shi."

"In ya miƙe, Baba, ai ƙara mana fili zai yi a ƙasa, ba ragewa a takarda ba," in ji Magini. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji ya yi, kuma ko da yake ban tabbata lissafinsa ya tsaya ba, ta isa ta sa Kamfas ya ɗaga murya.

"A shimfiɗa yadi goma a ƙasa. Yanzu, a gaban kowa. In ban cinye shi da taku goma ba, ku kira ni da duk sunan da kuka ga dama."

Ƙanwata ta ce, "Malam, rana ta yi zafi, a bari mana."

"Ki matsa, ki ga abin da kika aura."

Aka shimfiɗa tef. Jama'a suka yi layi biyu, har masu kekuna suka jingine kekunansu suka matso. Kamfas ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora diddige a bakin tef, ya ɗaga haɓa, ya soma. Ba wanda ya ce a ƙirga, amma kowa ya ƙirga, murya ɗaya, kamar aji na biyu a darasin lissafi. Da aka ce goma, ya tsaya, ya buɗe hannu yana murmushi, sannan ya dubi ƙasa. Tef ɗin ya nuna yadi biyar da 'yan kai. Ya ci gaba ba tare da murmushin ba, jama'a kuma suka raka shi har goma sha tara.

"Takalmin ne," in ji shi. "A ofis ba da irin wannan aka gwada ni ba."

Ya tuɓe takalmi. Gindin kara yana da kaifi bayan girbi, abin da duk manomi ya sani, safiyo kuwa ya gano a taku na biyu. Wannan karon ashirin da uku aka samu, ban da tsalle biyu da jama'a suka yi gardamar ko za a sa su a lissafi.

Ya mai da takalmi. Ya ja numfashi, ya ja da baya, ya ce yanzu ne zai yi irin na barandar ofis. Ya wurga ƙafar dama: yadi guda cif. Ya wurga ta hagu: yadi guda. Na uku ma haka, har Tela ya soma tafi. A na huɗu ƙafar gaba ta tafi, ta baya ta ƙi biyo ta, gwiwa ta ƙulle, wando kuma ya yi wata ƙara da ba sai na fassara ba. Mijin ƙanwata ya tsaya a tsakiyar gona a buɗe kamar almakashin Tela, ba gaba ba baya, hannuwa suna iyo a iska. Direba ya kama hammata ɗaya, Magini ya kama ɗaya, suka ɗauke shi yadda yake, suka zaunar da shi a kan durom ɗin kifi, ƙanwata ta yafa masa mayafinta a cinya.

Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Kun dai gani da idonku. Taku ukun farko daidai suke."

"Daidai suke, Baba," in ji Magini. "Saura ɗari da goma sha bakwai."

An yi dariya, ban musa ba, har mai garke sai da ya riƙe ciki. Amma dariyar ta yi ta raguwa da aka lura da Ungozoma. Tana zaune a kan dutsen yamma, a bakin filin gidanta, jakarta a kan gwiwa.

"Wata uku ya rage mini," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Sati shida muna rabon takarda. Nawa gidan ya shiga, na gani. Amma ban bar hawa na uku don in zo jeji in zauna daga ni sai Tela ba. Ba don na raina ka ba, Tela."

"Ni ma da na ƙi," in ji Tela.

Kamfas ya buɗe baki, ƙanwata ta dafa kafaɗarsa, ya rufe. A iya sanina wannan ne karo na farko.

Sai Mai Albasa ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai gonar nan tasa ta yi masa nisa da gida, ya daɗe yana tunanin rabuwa da ita, kuma tun da an riga an kafa wa Hedimasta turke a ciki, ba ya son ya tashi baƙo. Zai sayar, bayan ya cire albasa. Sharaɗinsa ɗaya ne.

"Wane sharaɗi?" na tambaya.

Ya nuna durom ɗin kifi da haɓa. "Baban nan nake so ya auna."

Mai garke ya ce shi ma yana da wani yanki a bayan shanu, kuma shi ma ba ya son tef, ƙafar Baba ta fi albarka. Wani daga cikin masu kekuna ya ce a jira shi ya je ya kira wansa, yana da 'yar gona da kowa ke rainawa. Kafin a ce haka, mutum biyar sun kewaye durom, kowa yana roƙon a sa shi a layi, wani har yana tambayar ko Baba ya fi son ya auna ba takalmi.

Kamfas ya gyara zaman mayafi a cinyarsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Masu ƙasa sun san gwani. Sai na gida ne ke raina mutum."

Ungozoma ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta tako har gaban Mai Albasa. Ta dube shi da irin kallon da na tabbata ta sha yi wa mazan da ke leƙen ɗakin haihuwa.

"Ɗana, ka ga mutumin can mai tef? Shi zai auna. In ka yarda, yau a rubuta. In ba ka yarda ba, ka cire turken Hedimasta ka miƙo mana abinmu."

Mai Albasa ya yi dariya, ya ce ai ba laifi ba ne mutum ya gwada sa'arsa. Mai garke ma ya sauko. Magini ya ja tef a kan gonakin uku a gaban kowa, sau biyu, na rubuta adadin da hannuna, kuma ya ishi gida shida da rumfa da rijiya, in aka haƙura da tafki aka kuma rage mangwaro zuwa goma sha biyu. Direba ya ce 'yan hayarsa sun saba da durom. Sai a sannan Ungozoma ta ce in cire murfin alƙalami. Ranar Litinin aka soma haƙa tushen gidanta, kuma ta kwana a cikinsa saura kwana shida a rushe wancan, ba fenti, ba labule, ba matakala ko ɗaya.

A taron da ya biyo baya ita ce ta kawo ƙuduri, Direba ya goya mata baya, cewa a naɗa Kamfas mai awon ƙungiya na dindindin, wanda za a nemi ƙafarsa a duk ranar da muka tashi sayar da wani abu. Aka amince baki ɗaya. Ya karɓi muƙamin da jawabin minti arba'in. Tun daga lokacin, duk baƙon da ya zauna a rumfarmu sai ya gaya masa cewa manoman yankin nan layi suke yi suna roƙon ya auna musu gona, kuma shi ne yake ƙi. Baƙi da dama sun ja ni gefe sun tambaye ni ko haka ne. A matsayina na magatakarda, dole nake amsa musu cewa haka ne.